Na'urar auna gurɓacewa: wacce za ka saya, wacce za ka bari a kanti?

Kasuwar intanet ta cika da 'yan akwatuna masu fuska mai walƙiya, ana tallata su cewa suna auna abu biyar ko bakwai a lokaci guda. Kafin ka zura hannu aljihu, ka fara sanin abin da kake zargi a gidanka, domin kowace guba da irin hancin da ke shinshino ta, kuma babu na'ura ɗaya da ta haɗa su duka.

In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi ƙararrawar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da wari ba ta da launi, tana fitowa daga janareta, gawayi, da duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar shaƙa ke kama shi sau 200 da 'yan kai. Mai barci ba ya jin zuwanta. Duba bayan kwalin: in ka ga EN 50291 ko UL 2034, an gwada ta a kan ƙa'idar Turai ko ta Amurka. A ƙa'idar Turai, dole ta yi kuka cikin minti 3 in gubar ta kai kashi 300 cikin miliyan. Sannan ka nemi ranar da aka ƙera ta. Hancinta na sinadari ne, yana mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10 ko da ba a taɓa kunna ta ba, don haka wadda ta daɗe a kanti ta riga ta ci rabin ranta. Maɓallin gwaji kuwa batir da ƙara kawai yake tabbatarwa.

Ta biyu da ta cancanci kuɗi ita ce mai auna ƙananan ƙura, waɗanda ake rubuta wa PM2.5. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa iyakar maikurogiram 15 (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin yini, 5 kuma a shekara. Masu araha da ke aiki da hasken leza ba su kai na hukumomi daidaito ba, kuma in laima ta yi yawa sukan ƙara gishiri a lissafi. Duk da haka suna nuna maka hawa da sauka: lokacin girki, lokacin shara, ko injin tace iskar da ka saya yana aiki ko ado ne kawai.

Inda ake yawan damfarar mutane shi ne wajen fomaldihaid da tururin sinadarai, irin wanda ke tashi daga sabon katako mai gam, fenti da kafet. Fomaldihaid ba abin wasa ba ne, an sa shi cikin masu jawo cutar kansa tun 2004. Matsalar ita ce hancin da ke cikin na'urori masu araha ba ya tantancewa. Fesa turare ko ka shafa man wanke hannu mai sinadarin barasa kusa da ita, sai ka ga lamba ta yi tsalle, ta yi ja. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Wanda yake son amsa ta gaskiya ya nemi ɗan bututun da ake ajiyewa a ɗaki ya zuƙi iska, a aika da shi ɗakin gwaje-gwaje. Haka ma mai auna kabon dayoksaid, iskar da muke fitarwa a numfashi: in ba a rubuta NDIR ba, wato mai aunawa da haske, ko ka ga an rubuta eCO2, galibi kintace take yi.

Sai ruwa. Ɗan ma'aunin nan mai kama da alƙalami da ake tsomawa a ruwa, wanda ake kira TDS, yana auna yadda ruwa ke wuce da lantarki ne, wato jimillar gishirin da ya narke a ciki. Iyakar dalma a ruwan sha maikurogiram 10 ne a lita, kashi ɗaya cikin ɗari ke nan na mafi ƙanƙantar lambar da alƙalamin ke iya nunawa. Ruwa mai dalma zai iya fitowa tas a fuskarsa. Amfaninsa bai wuce sanin ko matatar ruwanka mai cire gishiri ta gaji ba. Takardun tsomawa masu canza launi sun fi shi wajen naitiret da kulorin, amma dalma, asenik da maganin ƙwari sai ɗakin gwaji mai shaidar ƙwarewa ta ISO 17025.

Mazauna bakin teku kuwa kada ma su ɓata kuɗi a kan alƙalamin. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, abin da ya fi ƙarfin ma'aunin yawancinsu. Su kansu masana ba ruwan kaɗai suke ɗiba ba, suna gwada laka da naman halittu masu ɓawo da ke tace ruwa, inda guba ke taruwa a hankali, kamar yadda hukumar NOAA ta Amurka mai kula da teku da yanayi ke yi tun 1986. In za ka aika samfur, kira ɗakin gwajin tukuna su ba ka kwalbarsu, domin ta ƙarafa daban take da ta man fetur.