Masar, Turkiyya, Indiya ko gida: abin dubawa kafin a biya kuɗin tiyatar gyaran jiki

Kwana huɗu da yi wa Yaya tiyatar rage tumbi a Alƙahira, aikina na farko bayan sallar asuba shi ne juye ruwan da ya taru a wata 'yar gorar roba da ke rataye a gefen cikinta. Ruwa ne ja-ja kamar na wankin nama. In duba layin awon da ke jikin gorar, in rubuta a bayan takardar magani, domin likita ya ce ba zai zare bututun ba sai abin da ke fita ya gaza mililita 30 a yini. Ita kuwa tafiya a duƙe, salla a zaune, tari ma sai ta danne ciki da matashi. Haihuwa biyar ta yi, biyu da tiyata, naman cikinta ya rabu, fata ta zubo har tana yi mata gyambo a ƙasa lokacin bazara. Ba ta yi da-na-sani ba. Amma duk saƙonnin da muka yi ta musaya da wanda ya haɗa mana tafiyar, babu layi ɗaya da ya ambaci gorar nan.

Shi ya sa duk wadda ta tambaye ni wace ƙasa ta fi, nakan fara tambayarta ina za ta kwana a mako na biyu, kuma wa zai buɗe ɗinkin ya duba. Aikin kansa awa uku ne ko huɗu. Jinyar mako shida ce, kuma mafi yawanta a ɗakinki za ki yi ta, nesa da wanda ya riƙe wuƙar. Da wannan ma'auni zan auna kowace ƙasa.

Kafin nan, ga masu tambayar halasci: malamai sun raba tsakanin gyaran aibi ko cuta da sauya halitta don ƙawa kawai, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta fitar da matsaya a kan haka a zamanta na Malesiya a 2007. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi takamaiman abin da za a yi miki, tun ba ki tura ko sisi ba.

Masar ita ce mafi kusa da mu ta kowace fuska. Jirgin EgyptAir na tashi daga Kano kai tsaye, cikin awa biyar kin sauka. Akwai ɗalibanmu birjik a Azhar da sauran jami'o'i, ba za ki rasa tafinta ba, kuma ana samun gidan haya mai kayan ɗaki a unguwanni irin su Madinatu Nasr, inda mai jinya za ta dafa miki abin da bakinki ya saba da shi. Babbar ribarta a wurina ita ce komawa ba ta da wuya idan likita ya ce yana son ganinki bayan wata uku. Matsalarta 'yan kamasho. Wanda ya tarbe ki a filin jirgi yana da likitan da yake kai wa mutane, kuma ba lallai don ƙwarewa ya zaɓe shi ba. Akwai manyan asibitoci na gaske, akwai kuma ɗakunan tiyata a hawa na biyar na gidan bene, ba ɗakin kulawa ta musamman, ba ma'ajiyar jini. Ki je da ƙafarki ki ga inda za a kwantar da ke kafin ki amince.

Turkiyya ta yi suna ne da farashi dunƙule: tiyata, otal, mota da tafinta a kuɗi ɗaya. Likitocin Istanbul hannunsu ya faɗa a gyaran hanci da dashen gashi, saboda yawan da suke yi, kuma daga Abuja ko Legas awa bakwai ne kai tsaye. Sai dai ki ƙirga kwanakin da ke cikin dunƙulen. Sau da yawa biyar ne zuwa bakwai, wato za a raka ki filin jirgi daidai lokacin da ciwo ke fara nuna halinsa. A wasu wuraren kuma ba za ki ga likitan ido da ido ba sai safiyar aiki, duk maganar baya da ma'aikacin talla kika yi ta. A 2023 ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta gargaɗi 'yan ƙasarta cewa ta san da mutuwar fiye da mutum 25 daga cikinsu bayan aikin asibiti a Turkiyya tun daga Janairun 2019. Ma'aikatar lafiyar Turkiyya na ba da takardar izini ta musamman ga asibitocin da ke karɓar baƙi, ki ce a turo miki hotonta. Maza masu neman dashen gashi, ku tambayi abu biyu: wane ɓangare likita zai yi da hannunsa, wane kuma mataimaka za su yi, sannan mutum nawa masu irin gashinmu suka yi wa. Saiwar gashin baƙar fata a lanƙwashe take a ƙarƙashin fata, wanda bai saba ba sai ya yi ta gutsure ta wajen cira.

Indiya ita zan nuna wa mai hawan jini, ciwon suga ko sikila, domin a manyan asibitocin Delhi, Mumbai da Cennai za a yi miki aikin ne a ginin da likitan zuciya da ɗakin kulawa ta musamman suke. Ana magana da Turanci, ana ba da takardu a tsare, kuma akwai bizar jinya tare da ta masu rakiya har mutum biyu. A nemi asibiti mai shaidar JCI ko NABH, wato hukumomin da ke tantance ingancin asibitoci. Cikas ɗinta nisa: yawanci sai an canza jirgi a Adis Ababa ko Doha, yini guda ya tafi a hanya, abin da ba ƙaramar wahala ba ce ga mai sabon ɗinki. Indiya da Masar duka za su nemi katin rigakafin zazzaɓin shawara.

Dubai akwai tsari amma akwai tsada. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi karkata Tunisiya saboda Faransanci. Masu zama a Amurka kuwa da ake kwaɗaita wa arahar maƙwabta, su sani hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga Amurkawa 93 da suka mutu bayan irin wannan tiyata a Jamhuriyar Dominikan tsakanin 2009 da 2022, kuma a 2023 sanƙarau ya kashe mutum 12 da aka yi wa allurar baya a asibitoci biyu na garin Matamoros a Meziko.

Sai gida, wanda mutane ke tsallakewa tun ba su duba ba. Akwai ƙwararrun likitocin gyaran jiki a asibitin ƙashi na Dala, da asibitocin koyarwa na Kano da Shika, da Abuja da Legas. Suna da ƙungiya mai suna NAPRAS. Ga aikin rage tumbi ko rage nono, ni dai gida nake fara dubawa yanzu, don wanda ya ɗinke ki shi zai gan ki a kwana na goma da na ashirin. Amma a nan ma akwai masu farar riga da Instagram da ba su taɓa yin karatun fannin ba. Rajistar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, ta nuna mutum likita ne kawai. Ki tambayi takardar ƙwarewarsa a tiyatar gyaran jiki, daga kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa.

Akwai aiki ɗaya da ba zan gaji da jan kunne a kansa ba, shi ne ƙara mazaunai da kitse, wanda ake kira BBL. Ana zuƙo kitse daga ciki ko baya a ɗura a mazaunai. Idan bakin ƙarfen da ake ɗurawa da shi ya nitse cikin tsoka ya huda babbar jijiya, kitsen na bin jini ya toshe huhu, mutum ya cika a kan gadon tiyata ko cikin 'yan awoyi. Binciken da likitocin Amurka suka fitar a 2017 ya ƙiyasta mutuwa kusan ɗaya cikin 3,000, mafi muni a duk fannin. A 2018 ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Birtaniya ta ce mambobinta su dakatar da shi, ba ta sassauta ba sai 2022, bisa sharaɗin a ɗura kitsen a ƙarƙashin fata kawai, ana kallo da na'urar hoton ciki. Wadda ta ƙudura sai ta yi, ta tambaya ƙarara: a ina za ka ɗura, kuma da na'ura ko da ƙiyasi? In ya yi kame-kame ta tashi. Ta kuma tuna an hana zama a kai na aƙalla mako biyu, to ta yaya za ta yi awa bakwai a kujerar jirgi?

Zuƙe kitse ma ba abin rainawa ba ne. A Oktoban 2005 uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a Sifen bayan irin wannan aiki, daga baya kotu ta sami likitan da laifin sakaci. Kuɗi da Turai ba su hana ba. Idan abin da za a zuƙe ya haura lita biyar, ƙa'ida ita ce a kwana a asibiti ana sa ido. Kada kuma ki yarda da tayin haɗa aiki uku ko huɗu a rana ɗaya don ragin kuɗi, domin daɗewa cikin allurar barci da zubar jini duk ƙaruwa suke yi.

Shirin jiki a gida ake fara shi, wata guda ko biyu kafin tafiya. Ki yi gwajin yawan jini, suga, hawan jini da rukunin sikila, ki aika sakamakon. Yawancinmu mata jininmu a ƙasa yake ba mu sani ba. Sigari da shisha a ajiye mako huɗu kafin aiki da huɗu bayansa, don suna matse ƙananan jijiyoyi har fatar da aka ɗinke ta mutu ta yi baƙi. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin na ƙara haɗarin gudan jini, likitoci kan dakatar da ita mako huɗu kafin babban aiki. Saiwoyi da haɗe-haɗen gargajiya a bar su mako biyu.

Ga wanda ake ɓoyewa saboda kunya, kuma shi ya fi ba ni tsoro: maganin ƙara ƙiba da man bilicin. Da yawa daga cikinsu na ɗauke da sinadarin sitiroid, wanda ke sa fata ta yi siriri, ɗinki ya ƙi kamawa, kuma wadda ta daɗe tana sha jininta na iya faɗuwa warwas a tsakiyar aiki idan likitan barci bai sani ba. Kada ki daina shi farat ɗaya da kanki. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita. Haka mai allurar rage ƙiba irin Ozempic, ta faɗa. Sannan ki duba jikinki: idan hujin kunne ko tsohon yanka ya taɓa yi miki tabo mai tudu, ki nuna shi, domin fatarmu ta fi saurin yin haka, kuma yankan rage tumbi daga ƙugu zuwa ƙugu yake. Mai niyyar ƙara haihuwa ta jira, ciki zai warware aikin.

Kwanakin jira kafin hawa jirgi fa? Hukumar lafiya ta Ingila ta ce a jira kwana 5 zuwa 7 bayan aikin nono ko zuƙe kitse, 7 zuwa 10 bayan na fuska ko rage tumbi. Wannan mafi ƙaranci ke nan. Mu mako uku muka yi, kuma ban ga rana ɗaya da ta tafi a banza ba. Ki sayi tikitin da za a iya ɗaga ranarsa. A cikin jirgi ki nemi kujerar gefen hanya, ki sa safar matsi, ki tashi ki taka duk bayan awa, ki sha ruwa. Kumburin ƙauri ɗaya da zafi, ko numfashi sama-sama da ciwon ƙirji, alamar gudan jini ce, asibiti ake nufa a take, ba jiran gari ya waye.

Wajen lissafi, ki yi da dala. Wanda ya ga yadda naira ta tashi daga ƙasa da 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san dalili. Ki sa a rubuta miki abin da farashin ya ƙunsa: likitan barci, kwanan asibiti, magani, rigar matsi da za ki sa kusan mako shida, da abin da za a caje ki a kowane dare idan aka wuce da ke ɗakin kulawa ta musamman. Ki tambaya wa zai biya idan sai an sake gyara. Inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta ɗaukar matsalar tiyatar da mutum ya je yi da kansa, don haka ki ware wani kuɗi da ba za a taɓa ba. A biya asusun asibiti a karɓi rasit, kada a biya asusun mutum. Kuma tikitin mai jinya ba wurin tsumi ba ne, don kwanakin farko ko banɗaki sai an riƙe ki.

Ranar sallama kada ki fita sai da rahoton tiyata a rubuce da Turanci, jerin magunguna, lambar likitan kansa, da katin robar idan an saka miki wani abu a jiki. Wasu ƙwayoyin cuta ba sa nunawa sai bayan makonni, kin riga kin dawo.

Abu mafi amfani da muka yi, kafin mu tafi muka yi shi. Mun je wurin wani likitan gyaran jiki a Kano, muka faɗa masa gaskiya, muka roƙi ya karɓe ta idan mun dawo. Ya duba ta, ya ƙara mata maganin jini na wata guda, ya ce to. Kwana biyar da saukarmu, tsakiyar ɗinkin ya buɗe kamar faɗin ɗan yatsa, yana tsattsafo da ruwa. Na ɗauki hoto na tura Alƙahira, amsa ba ta zo ba sai washegari da la'asar. Kafin nan shi ya riga ya karanta rahoton, ya wanke wurin, ya ɗauki ruwan don gwaji, ya ce mu dawo jibi da safe.