Corolla 'yar Kwatano a hanyoyin Adar: sharhina kan motar da kamfanin da ya ƙera ta

Duk wanda ya nemi shawarar sayen mota a Tawa, nan ƙasar Adar, amsar da zai fara ji ita ce ya sayi Toyota, domin wai ba ta mutuwa. Ni ma wannan shawara na bi, na sayi Corolla ƙirar farkon shekarun 2000, mai injin lita 1.6 da giyar hannu, wadda ta gama zamaninta a Turai ta sauka a Kwatano, sannan ta shigo ta Gaya kamar yadda akasarin motocinmu suke shigowa a wancan lokaci. Shekaru ke nan ina zuwa aiki da ita, ina kai iyali gaisuwa da biki, ina kuma yin doguwar tafiya zuwa Yamai idan buƙata ta taso. Na rubuta wannan sharhi ne domin masu tara kuɗinsu jaka-jaka da niyyar mallakar mota, saboda maganar da ake yi kan ƙarkon Toyota gaskiya ce, amma tana da asali kuma tana da sharuɗɗa, kuma ba kasafai masu ba da shawara suke faɗin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Asalin kamfanin ba mota ba ne, saƙa ce. Sakichi Toyoda ɗan kafinta ne a ƙasar Japan, mahaifiyarsa kuma masaƙiya, ya kuwa shafe rayuwarsa yana gyara injin saƙa har ya kammala wanda yake sarrafa kansa a shekarar 1924. Abin da ya bambanta injinan Sakichi shi ne, da zarar zare guda ya tsinke sai injin ya tsaya cak, ba zai ci gaba da fitar da yadi mai aibi ba har sai an gyara. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin ƙera wannan inji kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ne ya karkata zuwa mota: ya buɗe sashen motoci a cikin masana'antar injin saƙa a 1933, ya fitar da motar fasinja ta farko a 1936, aka kuma kafa kamfanin Toyota mai zaman kansa a 1937. Garin Koromo, inda aka gina masana'antar, ya koma amsa sunan Toyota a 1959.

Ba da sauƙi aka kai nan ba. A 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa, bashi ya yi masa katutu, ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka rage mutane da yawa, shi kansa Kiichiro ya ajiye shugabanci, ya kuma rasu a 1952 bai ga bunƙasar abin da ya kafa ba. Yaƙin Koriya ne ya ceci kamfanin, domin sojojin Amurka sun yi odar manyan motoci masu yawa. Wannan talauci na farko ya bar tabo mai amfani. Tunda ba su da kuɗin tara kayayyaki a sito, ba su kuma da halin zubar da abin da ya lalace, sai injiniya Taiichi Ohno da abokan aikinsa suka tsara aiki ta yadda ba a ƙera wani sashe sai lokacin da ake buƙatarsa, suka kuma mayar da darasin injin saƙa cikin masana'antar mota: kowane ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya nemi a tsayar da layin haɗa motoci idan ya ga kuskure. A ganina, daga nan ƙarkon da muke yabo ya samo tushe.

Ita Corolla ta fito ne a 1966, kuma injiniyan da ya jagoranci ƙera ta, Tatsuo Hasegawa, wanda a da jiragen sama yake zanawa, ya ɗora ta a kan wata ƙa'ida: motar ta samu aƙalla maki 80 cikin 100 a kowane fanni, kada ta gaza a ko'ina, sannan a ƙara mata wani abu da zai ja hankalin mai saye. Zuwa 2021 an sayar da Corolla fiye da miliyan 50 a duniya. Da na karanta wannan ƙa'ida sai na gane motata sarai, domin haka take. Ba ta fi kowa gudu ba, kujerunta ba su da laushin na manyan motoci, kuma babu wanda zai waiwayo ya kalle ta a bakin kasuwar Lahadi. Sai dai tana tashi da bugu ɗaya a sanyin hunturu, tana kuma tashi haka a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 har sitiyari ya gagari taɓawa.

Hanyar Yamai ce ma'aunina. Kilomita wajen 550 ne daga Tawa, a gangara Tsarnawa a hau babbar hanya, a wuce Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma idan na cika tanki kafin in tashi, nakan isa da sauran mai ko da na kunna na'urar sanyaya ciki mafi yawan tafiyar. Allurar zafi ba ta taɓa haura tsakiya ba. Injin wannan samfuri sarƙa yake amfani da ita a maimakon bel ɗin roba wajen daidaita bugunsa, wanda ya sauke wa mai mota fargabar tsinkewar bel a tsakiyar daji, kuma wanda ya taɓa kwana a gefen hanya da mata da yara ya san darajar wannan.

Inda nake jan hankalin mai saye shi ne hanyoyin da ba kwalta. An ƙera wannan mota ne domin titunan Turai, cikinta yana kusa da ƙasa, Adar kuwa ƙasar duwatsu ce da kwazazzabai. A kan burji mai gargada ƙafafunta suna wahala, robobin ƙasa da amortisa, wato masu shanye girgizar hanya, suna saurin gajiya, idan damina ta sauka kuma ƙorama ta kawo ruwa, dole mutum ya tsaya ya jira ko ya juya. Wannan ba aibin motar ba ne, an dai kai ta inda ba a yi ta dominsa ba. Wanda garinsu yake can cikin ƙauyukan Keita ko Buza, kuma yake zuwa gida a kai a kai, ya kamata ya yi wannan lissafi tun kafin ya biya kuɗi.

Abin da ya fi cin motocinmu, a abin da na gani, shi ne jabun kayan gyara da gyaran ganin dama. Makanikena dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin Peugeot 404, kuma wata rana da na kawo matatar baƙin mai da na saya a wani shago, a cikin kwali mai tambari da rubutu kamar na gaske, sai ya ɗora ta a tafin hannunsa na dama, ya ɗora ta asali a na hagu, ya ce: "Malam, riƙe ka ji." Ta shagon ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya sa zarto ya yanka ta a gabana, sai ga 'yar takarda siririya a ciki, an naɗe ta sama-sama, wadda ba za ta tare ƙurar sati guda ba balle ta watanni. Ya ce mini: "Wannan ita ke kashe inji, sannan a ce mota ta tsufa." Shi ne kuma ya ƙi cire mini tarmosta, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, alhali makanikai da yawa suna cire shi da zarar mota ta iso, da hujjar cewa ƙasarmu ƙasar zafi ce. Injin da aka cire wa shi yakan daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, ya riƙa shan mai fiye da ƙima. Haka nan ya hana ni zuba ruwan rijiya ko na famfo a lagireto, domin yana barin farin dusa da tsatsa da ke toshe ƙananan hanyoyin ruwa. Da hunturu kuwa, matatar iska takan cika da ƙura cikin ɗan lokaci, kuma bai kamata a jira ranar canjin baƙin mai kafin a duba ta ba.

Ba tun fil'azal Toyota take mulkin hanyoyinmu ba. Kawuna, Allah ya jiƙansa, bai yarda akwai mota bayan Peugeot ba, kuma yana da hujja, domin 404 da 504 su ne suka ɗauki mutane da albasa da dabbobi a ƙasar nan shekaru masu yawa, ga kuma masana'antar haɗa su da aka buɗe a Kaduna a 1975, wadda ta sa kayan gyaransu suka wadata a ƙasar Hausa. Bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, sabuwar mota ta ƙara nisa da ma'aikaci da ɗan kasuwa, mutane suka dogara ga tsofaffin motocin da ake saukewa a Kwatano da Lome, a cikinsu kuma na Japan suka fi jure wahala. Har CFAO, tsohon kamfanin kasuwancin Faransa da ke sayar da sababbin motoci a Yamai, ya koma hannun Toyota Tsusho, reshen kasuwanci na rukunin Toyota, tun 2012.

Sauran masu Toyota da nake hulɗa da su kowa da abin da yake yabo. Direbobin tasi na Yamai suna riƙe da Starlet, ƙaramar motar da aka daina ƙera irinta tun 1999, saboda ba ta shan mai kuma kowane makanike ya san cikinta. Masu bin hanyar Abalak zuwa Agadas ba sa jin kira sai na Hilux, wadda ta fara fitowa a 1968, da Land Cruiser samfurin 70 da ake ƙerawa tun 1984. Sunan waɗannan motoci ya kai ga yaƙin da Chadi ta yi da Libiya a 1987 ana kiransa yaƙin Toyota, saboda da su sojojin Chadi suka riƙa kai farmaki cikin hamada. Wannan farin jini yana da nasa nauyi, domin masu su a arewa sun san cewa motar da suke so ita ce 'yan fashi ma suke so. Abin da ya haɗa mu duka shi ne samuwar kayan gyara: a Tawa, ko Ƙonni, ko Maraɗi, da wuya a rasa abin da ake nema, sabo ko na hannu, kuma ranar da mutum ya so sayar da motar ba zai daɗe yana neman mai saye ba.

Adalci ne a faɗi cewa kamfanin ya taɓa yin tuntuɓe babba. Bayan ya zarce General Motors ya zama na ɗaya a duniya a 2008, sai a 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci domin a gyara su saboda matsalar totur da shimfiɗar ƙafa da ke danne shi, har shugabansa Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka a watan Fabrairun 2010 ya nemi gafara, ya kuma amince cewa saurin bunƙasa ya sha gaban kula da inganci. A 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2 a Amurka kan yadda ya tafiyar da lamarin. Akwai kuma batun jakar iska, wato wadda ke kumbura ta kare mutum idan an yi karo, ta kamfanin Takata, wadda ta shafi masu ƙera motoci da yawa, ciki har da wasu Corolla na shekarun 2000, kuma zafi da laima suna ƙara haɗarin fashewarta da ƙarfin da ya wuce ƙima. Wannan ya dame ni matuƙa, domin a Turai da Amurka ana aika wa mai mota takarda ya kawo a canza masa kyauta, amma motar da ta canza hannu sau da yawa kafin ta iso Adar babu takardar da za ta biyo ta.

Saboda haka lambar jikin mota, mai haruffa da alƙaluma 17, ita ce abu na farko da nake ce wa mai saye ya duba. Da ita ake bincikawa a intanet ko motar tana cikin waɗanda aka janye, kuma farkonta yana nuna inda aka haɗa ta: J na Japan ne, SB1 na Ingila, NMT na Turkiyya, AHT na Afirka ta Kudu, MR0 kuma na Tailan. Mutane da yawa suna mamaki idan suka gano cewa motar da suke kira 'yar Japan ba ta taɓa ganin Japan ba. Kada kuma a dogara da kilomitan da agogon mota ya nuna, domin akwai dillalan da ke mayar da shi baya. Sulɓin sitiyari da cinyewar robar birki da kuloci sun fi faɗin gaskiya.

Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, motoci suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota da na kayan gyara suka tashi, don haka irin tawa ta ƙara daraja a hannun mai ita. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da yawancin tafiyarsa a kan kwalta take, tsakanin Tawa da Ƙonni da Yamai, ina ba da shawarar Corolla ta farkon shekarun 2000 da zuciya ɗaya, muddin zai je da makaniken da ya amince da shi ranar saye, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, domin gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe ta inda ido ba ya gani. Wanda kuwa yake bin burji kowane mako, ya ƙara haƙuri ya tara abin da zai kai shi ga RAV4 ko Hilux.