A Jamus sai an auna ƙafarka kafin a sayar maka da sandal

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Nan Jamus zafi ya shigo. Daga watan Yuni zuwa Agusta kowa yana ajiye sau-ciki, yatsun da suka yi wata tara a cikin safa su fito su sha iska. Abin da zai fi ba baƙo mamaki shi ne yadda ake sayar da sandal a kantin takalmi na sosai, irin wanda masu sana'ar suke riƙe da shi. Ka shiga ka ce a ba ka lamba 42, mai kantin ba zai juya ya ɗauko ba. Zai ce ka cire takalminka ka tsaya a kan ma'auni. Mutumin da ya shekara talatin yana sayen lamba guda, a nan ne yakan ji cewa ba lambarsa ba ce, kuma abin yakan zo masa da ɗan jin kunya.

A tsaye ake awon, domin ƙafa tana bajewa idan nauyin jiki ya hau kanta, kuma duka biyun ake aunawa, don da wuya su zo daidai. Wadda ta fi girma ita ake bi. Tsawon kuwa daga dunduniya ne zuwa yatsan da ya fi tsawo, wanda a wurin mutane da yawa ba babban yatsa ba ne, mai bi masa ne. Masu kantin sun fi son ka zo da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar wuni. Tsakanin lamba da lamba a ma'aunin Turai kashi biyu cikin uku na santimita ne kacal, saboda haka ƙafa mai santimita 27 takan faɗa 42 ko 43, gwargwadon kamfani. Bayan ka saka, mai kantin zai durƙusa ya duba da hannunsa: a bar kamar milimita 5 a bayan dunduniya, kamar santimita 1 a gaban yatsu, maɗauri kuma ya zama ɗan yatsa na iya shiga ƙarƙashinsa. Sannan ya ce ka yi tafiya a cikin kantin yana kallon dunduniyarka, ko tana zamewa gefe. Mu kuwa mutum ya zura ƙafa ɗaya yana tsaye a kan ɗaya, ya ce ya yi, dunduniya ta leƙo waje da rabin inci, a ce ai zai saki. Roba ba ta ƙara tsawo.

Sandal ɗin da ya fi cika titi shi ne Birkenstock, kamfanin da ke danganta asalinsa da wani baduku mai suna Johann Adam Birkenstock a shekarar 1774. Samfurinsu mai maɗauri biyu, Arizona, tun 1973 ake yin sa. Sirrinsa yana wurin da tafin ƙafa yake zama. Ɓawon bishiyar nan da ake toshe kwalba da shi ne ake niƙawa a haɗa da ƙaron roba, a sa shi tsakanin shimfiɗa biyu na algarara, a rufe samansa da fata mai laushi mai shan gumi. An yi wa dunduniya gurbi mai zurfi, an ɗaga tsakiyar tafin, ga wani ɗan tudu a ƙarƙashin yatsu. Kowace lamba kuma tana da faɗi iri biyu, na mai faffaɗar ƙafa da na mai siririya.

Sai dai yana da abin haushi. Na fata zalla ya haura Yuro 100, kuma satin farko tauri gare shi kamar katako. Wanda ya saka shi sabo ya wuni da shi, da bororo zai koma gida. Awa biyu ko uku a rana ake farawa da shi, har ya ɗauki siffar ƙafa. Ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Mai yin alwala ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa a ciki sau biyar a rana, kafin kaka fatar ta yi baƙi tana wari, ɓawon ya fara marmashewa daga gefe. A tsane ƙafa tukuna, in kuma ya jiƙe a bar shi ya bushe a inuwa, kada a ɗora shi a kan hita ko a bar shi cikin mota a rana. Idan shafen da ke gefen ɓawon ya daina sheƙi, akwai ruwan gam na musamman da ake sake shafawa da ɗan buroshi.

Ana canza masa ƙasa idan ya cinye, muddin cin bai kai ga ɓawon ba. A nan ne kewar gida take kama mutum. Mai gyaran takalmi a nan sai ka kai masa, ya ba ka tikiti, ya ce ka dawo mako mai zuwa, kuɗin kuma ya isa sayen wani takalmi mai araha. Ina shumekan da zai zauna a gabanka da basilla da zare, kuna hira, kafin ka gama ba shi labari ya miƙo maka? Hannu irin nasa ba a samun sa a nan. Abin da Jamusawa suke da shi kuwa, sana'a ce guda ta yin takalmin lafiya, wadda ake koya shekara uku da rabi, kuma likita kan rubuta maka shimfiɗar cikin takalmi da za a yi daidai ƙafarka, inshorar lafiya ta biya mafi yawan kuɗin.

Silifas na roba mai hanci yana nan, amma galibi wurinsa banɗaki, bakin ruwa da gidan ninƙaya, inda yake kare mutum daga ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Silifas ɗin Adilette na kamfanin Adidas ma a 1972 don wankan 'yan ƙwallo aka yi shi. Da wuya ka ga babban mutum ya wuni da silifas yana yawon gari, kuma akwai dalili. Babu abin da ke riƙe dunduniya, saboda haka a kowane taku yatsu ne ke ƙanƙame takalmin don kada ya fice. Taku ya gajarta, ƙafa ta koma ja. Tafin kuma a shafe yake, sai jijiyar da ta taso daga dunduniya zuwa yatsu ta riƙa ɗaukar jan da ya fi ƙarfinta. Alamar ita ce zafin dunduniya a takun farko da asuba, kamar an taka ƙusa, wanda yake lafawa bayan an ɗan zagaya. Mutanenmu nawa ne ke fama da wannan suna shan maganin sanyi? Faso ma daga nan yake samun ƙofa, domin fatar dunduniya tana bajewa ba abin da ya tare ta, ga iska tana busar da ita. Man shafawa mai sinadarin yuriya kashi 10 cikin ɗari da daddare, bayan an goge kaushin, ya fi tsayawa gurza da dutse kullum.

Wanda ba zai rabu da silifas ba, ya gwada shi kafin ya biya. A lanƙwasa shi: in ya naɗe biyu daga tsakiya, a ajiye, don a wajen gindin yatsu kaɗai ya kamata ya tanƙwaru. Tsohon kuma a ɗora shi a kan tebur a duba daga baya. In gefe guda ya cinye ya karkace, haka yake karkatar da idon sawu da gwiwa, ko da hancinsa bai tsinke ba. Wannan ɗabi'a ta soke hancin da ƙusa ko waya a ci gaba da ja, ƙarfen nan a ƙarƙashin ƙafa yake.

Tuƙi da shi ma abin lura ne. Dokar hanya ta Jamus ba ta haramta wa mai motar kansa ba, amma in silifas ya maƙale a ƙarƙashin birki aka yi hatsari, ana iya ɗora masa kason laifi. Direban da tuƙi ne aikinsa kuwa, ƙa'idar kare ma'aikata ta wajabta masa takalmin da ya kama ƙafa. A Italiya, hukumar gandun Cinque Terre tun 2019 take cin tarar mai hawa hanyoyin tsaunin da silifas, daga Yuro 50 har 2,500, saboda yawan waɗanda ake zuwa cetowa daga can.

Masu ciwon sukari su ne suka fi tsaya mini a rai. A nan likita ba ya son ganin su da buɗaɗɗen takalmi a waje, balle mai hanci da ke gogar tsakanin yatsu, kuma yakan tura su wurin masu kula da ƙafa a yanke musu farce a cire kanta. Ciwon yana kashe jin ƙafa, tsakuwa ta shiga ta wuni tana ci mutum bai sani ba, sai an ga jini a shimfiɗa. Duk mai dattijo a gida da ke da wannan larura, don Allah ya sama masa sau-ciki mai faɗi mai laushi da safar auduga marar matse, a zazzage takalmin kafin a saka, kuma kowane dare a haska tocila a duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu.