Wane taki za ka saya wa kwamin spirulina?

Matan Kanembu da ke gefen Tafkin Chadi ba sa sayen taki. Kwashe spirulina, wata koriyar gansakuka da ake ci, suke yi daga kududdufan ruwan kanwa, su shanya ta a kan yashi, su kai kasuwa da sunan dihe. Kai kuwa da za ka noma ta a kwami bayan gida, ciyarwa na wuyanka.

Haɗin sinadaran ciyar da spirulina da Zarrouk ya tsara a 1966, mai giram 16.8 na bikabonet a kowace lita, ba shi da aibu sai tsada. Kashin awaki da na tumaki ba ya narkewa da wuri, a bar wa masu albasa.

Ni dai ruwan da ke fita daga tankin bayogas (inda ake ruɓar da kashin shanu a samu iskar gas) nake saya. Ya yi makonni yana ruɓewa ba iska, warin ya lafa, ƙwayoyin cuta sun ragu (ragu na ce, ban ce sun ƙare ba), kuma abincin ya riga ya narke yadda gansakukar za ta sha. Ka tace shi da ƙyalle sau biyu, ka sirka har ya koma kalar shayin da bai ji ganye ba, don baƙin ruwa na tare hasken rana. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan da safe. Kanwa kuma tana nan a matsayinta, taki ba ya maye gurbinta: spirulina na son ruwa mai pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) 9 zuwa 10, da ɗumi wajen digiri 30 zuwa 35.

Kashin kaji ne ya koya mini hankali. Buhu uku na saya, rabi ashe garin katako ne. Na jiƙa, na antaya. Kwana biyu kwamin ya koma ruwan ɗorawa, yana tashin warin fitsari. A ruwan kanwa, naitirojin ɗinsa yakan zama amoniya mai kashe ta. Ga kuma ragowar magungunan da aka ɗura wa kajin.

Amma babbar cutar a wajen iri take. Wanda ya miƙo maka busasshen gari ya ce ka zuba zai tsiro, kama gabanka. Rayayyen iri a ruwa yake zuwa. Kuma ba kowane koren ruwa ba ne spirulina. Akwai Microcystis mai dafin da ke lalata hanta, wadda a ido da wuya ka bambance su. Ka ce a nuna maka a madubin ɗakin gwaji: zare za ka gani, galibi a murɗe. Masu sayar da gari kuma wasu zogale suke cuɗawa. Jiƙa cokali ɗaya a kofin gilashi ya kwana. Ta gaske takan saki shuɗi-shuɗi, zogale ba ya yi.

Spirulinar da na noma da taki, kifi da kaji nake fara ba wa. Spirulina na zuƙe dalma daga ruwa, don haka ba ta shiga kunun yarana sai an gwada ta.