Ɗanyen Nama ko Busasshen Abinci: Wanne Za a Saya wa Karen Gadi da Kyanwar Gida?

Duk wanda ke kiwon karen gadi ko kyanwa a garin Bauchi ya san hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta wajen mahauta a kasuwar Muda Lawal ko Wunti, a karɓo huhu da tumbi da guntayen ƙashi a leda, a zuba wa dabba ta ci. Hanya ta biyu ita ce buhun busasshen abinci da ake samu a shagunan magungunan dabbobi, wanda ya fi tsada sosai, domin yawancinsa daga waje ake shigo da shi.

Masu son ɗanyen nama suna da hujjarsu, cewa yana da arha kuma dabba tana cinsa da marmari. Sai dai ɗanyen nama, musamman kayan ciki da naman kaza, yakan ɗauki ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Listeria. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfura 196 na ɗanyen abincin dabbobi tsakanin 2010 da 2012, ta sami Salmonella a cikin 15, Listeria kuwa a cikin 32, alhali wannan kaya ne da kamfanoni suka sarrafa. Ina ga naman da ya wuni a kan tebur cikin zafin watan Afrilu, ƙudaje suna sauka suna tashi? Firiza ma ba ta kashe waɗannan ƙwayoyi, tana dakatar da yaɗuwarsu ne kawai, kuma da zarar an ɗauke wuta ƙanƙara ta narke, sai su ci gaba da hayayyafa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kare yana iya ɗauke da Salmonella yana cikin ƙoshin lafiya, yana zubar da ita a kashinsa. A tsakar gidajenmu kuwa, yaro mai rarrafe yana wasa a dandamalin da kyanwa ta ja hanjin kaza, sannan ya kai hannu baki, kuma sau da yawa da soso ɗaya ake wanke kwanon dabba da tukunyar gida. Jarirai da tsofaffi su ne gudawa ta fi galabaitarwa, ita kuwa Listeria tana iya jawo wa mai juna biyu ɓari. Haka kuma huhu ko hantar da ke da ƙullutu mai ruwa a ciki, wadda mahauci ya yanke ya yar, ita ce ke sa wa kare tsutsar ciki da ƙwanta ke komawa jikin mutum.

Busasshen abinci ya fi aminci ta wannan fuska, saboda da zafi mai ƙarfi ake sarrafa shi kuma ba ya buƙatar firji. Amma shi ma ba tsarkakakke ba ne, domin a 2012 mutane da dama sun kamu da Salmonella a Amurka ta hanyar busasshen abincin karnuka. Da damina kuma yakan yi hunhuna, kuma gubar hunhuna tana lalata hantar kare. Saboda haka a sayi buhun da ke a rufe, a duba ranar ƙarewar wa'adinsa, a guji wanda aka buɗe ana aunawa a leda, sannan a ajiye shi cikin bokiti mai murfi nesa da danshi da ɓeraye. Kada a riƙa ba kyanwa abincin kare, domin tana buƙatar wani sinadari mai suna taurine da abincin kare ba lallai ya wadatar da ita da shi ba, wanda rashinsa ke taɓa mata zuciya da ido.

A ganina, gidan da ke da ƙananan yara ko mai ciki bai kamata a shigar da ɗanyen nama cikin kwanon dabbarsa ba. Wanda buhu ya fi ƙarfin aljihunsa ya sayi naman wurin mahaucin da ya amince da shi, ya dafa har ya nuna ciki da waje, ba albasa, domin tana lalata jinin kare da na kyanwa, ya kuma cire ƙasusuwan da suka dahu saboda suna tsagewa su soki hanji. Ya haɗa da shinkafa ko tuwo, ya nemi likitan dabbobi ya daidaita masa ma'aunin, ya kuma ware wa dabbar kwanonta da sosonta.