Hattara da Masu Farin Cikon Haƙori na Bi-Gida a Kaduna

Jama'a, wata sana'a ta ɓullo a garin nan, tallanta ya cika WhatsApp da TikTok: wai ana cike kogon haƙori da farin ciko mai kalar haƙori, har gida za a zo a yi maka, babu allura, babu ƙarar inji, kuɗi kuma araha ɓagas. Daga Rigasa zuwa Tudun Wada har Kawo mata suna ta tura wa juna lamba.

Farin ciko gaskiya ne, likitocin haƙori suna kiransa kwamfozit. Amma ga yadda aikinsa yake. Likita zai fara kankare duk inda ya ruɓe har sai ya tarar da lafiyayyen haƙori. Daga nan ya shafa wani asid na musamman na 'yan daƙiƙu, ya wanke, ya busar, ya sa ruwan da ke manne cikon da haƙori. Shi kansa cikon kaɗan-kaɗan ake zuba shi, kowane zubi a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare kafin a ƙara wani. Yawu ya taɓa wurin a tsakiyar aiki, cikon ba zai kama da kyau ba. A ƙarshe a ba ka wata siririyar takarda ka ciza, a goge inda ya yi tudu.

Su waɗannan duk ba ruwansu da wannan. Wasu ƙwayoyin roba suke jiƙawa a ruwan zafi, in sun yi laushi su murza da yatsa su cusa a ramin. Wasu kuma hodar da ake yi wa mata farce da ita ce, har da fitilar busar da farcen suke haskawa don a ga kamar aikin asibiti. Ruɓar tana nan a ƙasa, an dai yi yaɓe ne a kan bangon da gara ta cinye.

Ƙanwar maiɗakina ta faɗa hannun wata. Da fari murna take: “Yaya, ko ruwan sanyi na sha ba ya tsira mini.” Ba a jima ba kumatu ya haye, ga zazzaɓi, baki ba ya buɗuwa sai da cokalin shayi ake ba ta kunu. Da aka ɓanɓare abin a asibiti, ruɓar ta riga ta kai jijiya. Haƙorin da ciko kawai yake buƙata a da, cire shi aka yi. Mai aikin kuwa lambarta a kashe.

Kumburin haƙorin ƙasa yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ya toshe numfashi, kuma yana kisa. Ga ƙarfen da ya fito daga bakin wani aka goge da auduga aka sa a naka, alhali ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi.

Wata dabarar tasu ita ce tsoratar da masu tsohon cikon azurfa, wai guba ce a zo a canza. E, kusan rabinsa makuri ne, wato zaiba, kuma tun yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Minamata kan makuri ta 2013 ƙasashe ke rage amfani da shi. Amma wanda ke zaune lafiya a baki ba a tone shi haka kawai, balle a falon wani.

Likitan haƙori na gaske yana da rajista da hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, ka nemi ganin lasisinsa, ba rashin kunya ba ne. Asibitin Barau Dikko da na sojoji na 44 duk suna da sashen haƙori. Wanda kuma aka riga aka cusa wa irin wannan roba, ko bai fara ciwo ba ya je a duba. In fuska ta kumbura ko haɗiyar yawu ta gagara, kada a jira gari ya waye.