Tsakanin 1984 da Brave New World, wanne za ki fara ɗauka?

'Yar'uwa, kin tambaya me ke jan mutane ga labaran da ake zana duniya ta lalace, mulki ya danne kowa, alhali rayuwar ma da nata nauyin. Kin kuma ce a cikin littattafan nan biyu wanne ya kamata ki fara. Bari in jera miki su, amsar farko za ta fito a ciki.

George Orwell ya fitar da 1984 a shekarar 1949. Ya rubuta yawancinsa a tsibirin Jura na Sikotilan yana fama da tarin fuka, cutar da ta yi ajalinsa a Janairun 1950. Shi ne mai littafin da Bala Abdullahi Funtua ya mayar Hausa da sunan Gandun Dabbobi. Mulkin da ke cikin 1984 na tsoro ne: allon leƙen asiri a bangon ɗaki, yara na kai ƙarar iyayensu, tarihi kullum ana sake shi. Aikin Winston Smith, jarumin littafin, ke nan a ma'aikatarsu, gyara tsofaffin jaridu su dace da ƙaryar yau. Wannan mutumin ne ya sayi littafin rubutu a shagon tsofaffin kaya, ya raɓe a wani lungun ɗakinsa inda allon ba ya hango shi, ya tsoma alƙalami a tawada, ya san sarai in an kama shi kisa ne ko shekara 25 a sansanin aikin dole. Duk da haka ya rubuta. A ganina nan ne zuciyar littafin, kuma nan ne mai karatu ke kamuwa, domin abin da Winston ya yi kowa na iya yin sa.

Aldous Huxley kuwa tun 1932 ya fitar da nasa, Brave New World, kuma mulkin da ke ciki ba na bulala ba ne. A kwalba ake ƙyanƙyashe jarirai, an kasa su gida biyar, kowa an yanke masa aikinsa tun bai zo duniya ba. Wanda ransa ya ɓaci sai ya haɗiyi ƙwayar soma ya warware. Ba mai yunwa, ba mai kuka. John, wanda ya tashi a wajen wannan tsari aka kawo shi Landan, shi ne ya tsaya gaban shugaba Mustapha Mond ya ce a ba shi haƙƙinsa na yin baƙin ciki, da tsufa, da ciwo.

A wurin Orwell goyon bayan jarumi ba wuya, azzalumi a fili yake. Huxley ya fi takura mutum, don sai ki tsinci kanki kina tambaya, in an ba ni wannan jin daɗin, anya zan ƙi? Huxley ya taɓa koyar da Orwell Faransanci a makarantar Eton, kuma a 1949 ya rubuta masa wasiƙa yana cewa masu mulki za su ga sa mutane son ƙanginsu ya fi yi musu bulala sauƙi. Ni ma can na karkata.

Dukansu jaruman ba su yi nasara ba. Winston, da aka kusanto da kejin ɓeraye fuskarsa a ɗaki na 101, ihu ya yi a yi wa Julia masoyiyarsa, a ƙyale shi. Amma mutane ba su daina komawa ga littattafan ba. A Janairun 2017, 1984 ya hau saman jerin littattafan da aka fi saya a Amazon a Amurka. Wanda aka zaɓar masa kwas, ko aiki, ko abin da zai faɗa a gaban manya, yana samun wurin da zai gwada kansa: da ni ce, a wane shafi zan sare?

Ki fara da 1984. Labarinsa na tafiya, kina manne da mutum ɗaya har ƙarshe. Na Huxley babobin farko zagayen masana'antar jarirai ne, sai an yi haƙuri, kuma maganar jima'i a buɗe take a cikinsa, gara ki sani tun yanzu. Ki ba su tazarar mako biyu ko uku, don ƙarshen 1984 na da nauyi.